Inda Edna Take Makara

A Tumfure, a gefen garin Gombe, can bayan inda kwalta ta ƙare, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa wanda gonakin masara suka sa a tsakiya. Matar gidan sunanta Edna, amma da wuya ka ji mai kiranta da shi. Maman Kenneth ake ce mata, tsofaffin abokan aikinta kuma su ce Sista. Gajeriya ce mai saurin ƙafa da saurin baki. Ta yi shekara talatin da biyar tana aikin nas a Gombe kafin ta ajiye, kuma har gobe in ka kuskura ka yi tari a gabanta sai ta tsare ka da tambayar tun yaushe. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya yana kiranta Edna, shi ma sai in ta ɓata masa rai. Mijinta ke nan, Malam Nehemiah, tsohon malamin lissafi, wanda ya shekara arba'in yana kaɗa fiyano a cocinsu.

'Yar Kaltungo ce. Tana da shekara goma sha uku, a makarantar 'yan mata ta mishan, wata Baturiya malamarsu da ɗalibai suke ce wa Doguwa a bayan idonta ta kama ta tana leƙen tagarta. Baturiyar tana kaɗa wani abu ne da ta maƙale tsakanin haɓa da kafaɗa. Maimakon ta kore ta, sai ta kira ta ciki ta ɗora mata shi. Bayolin ne sunansa. To amma a ƙasarmu duk abin da yake da tsirkiya ana goga masa baka, goge ne, ko daga ina aka kawo shi. Da Doguwa ta tashi komawa ƙasarsu sai ta bar wa Edna shi, ta haɗa mata da wata takardar kiɗa mai koren bango. Ranar da ta shiga gida da akwatin bayolin, mahaifinta, wanda mai wa'azi ne, ya buɗe ya gani ya ja da baya.

"Goge? A gidana?" in ji shi. "Abin 'yan bori da gidan giya? Ki fitar min da shi kafin dattawan ikkilisiya su ji."

Ta yi rantsuwa ta yi kuka cewa wannan daban ne, na Turawa ne, har a majami'a ana kaɗa shi. Tsohon ya ce shi dai idonsa goge ya gani. Shekara biyu akwatin ya yi a rumbun gwaggonta, tana zuwa tana kaɗawa a ɓoye.

Abin da ke cikin koren bangon nan ana ce masa sonata. Kiɗa ne mai tsawo, ba waƙa ba ganga, na mutum biyu, ɗaya da bayolin ɗaya da fiyano, kuma kashi uku ne: na farko da zafi, na biyu a hankali, na uku da gudu. Wani Bajamushe ne ya rubuta shi shekara ɗari da hamsin ko fiye da suka wuce, a zamanin da makaɗan Turai suka daina jin kunyar zuba bege da kuka a cikin kiɗa. Sunansa yana shafin farko, amma gara ta cinye shafin tun a rumbu, don haka Mai Koren Bango kawai take kiransa. Matsalar ita ce mutum ɗaya ba ya iya shi. Shekara bakwai Edna tana kaɗa rabinta, tana yin shiru a wuraren da fiyano ya kamata ya amsa, ba ta taɓa jin abin da ake ce mata ba.

A Gombe ta gamu da Nehemiah, tana sabuwar nas, shi yana koyar da lissafi. Dogo ne siriri, mai tsare gida, wanda ɗalibai suke sauya hanya in sun hango shi. Ya ji ta tana kaɗawa a bayan coci bayan an tashi, ya tsaya ya saurara, abin da ya fara fita daga bakinsa kuma shi ne, "Malama, ba ki iya ƙirga ba." Ya karɓi takardar wai zai koyi nasa rabin don ya gyara mata ƙirga. Wata takwas ya yi yana fama da shi. A na tara aka ɗaura musu aure, kuma har yau 'yan cocin da suka san labarin suna cewa ba a taɓa ganin gyaran ƙirga mai tsawon wannan ba.

Tun daga nan suka kafa wata al'ada. Kullum ƙarfe huɗu, in ba ta bakin aiki, sai ya zauna gaban fiyano ya danna maɓalli ɗaya tak, ita kuma ta daidaita tsirkiyoyinta da wannan murya. Sai ya ɗora hannuwansa ya jira. Ba ya kallonta. Numfashinta yake saurare, da ta ja shi sai su faɗa tare. A kashi na biyu akwai wani wuri da fiyano yake tafiya shi kaɗai, bayolin ya yi shiru na ƙirga uku ya shigo a na huɗu. A nan Edna take makara. Ba makara mai yawa ba, kamar ƙiftawar ido, amma malamin lissafi ba ya yafe ko ɗigo. Sai ya cire hannu, ya ƙwanƙwasa katakon fiyano sau biyu da yatsa.

"Edna! Ɗaya, biyu, uku, shiga. Me ke da wuya a nan?"

A waje Maman Kenneth yake ce mata kamar kowa, don shi mutumin da ne, ba ya kama sunan matarsa a gaban jama'a. A wannan wurin kaɗai sunan yake kuɓuce masa. Ita kuwa ba ta taɓa gaya masa dalilin makararta ba. Ta iya ƙirga sarai, macen da ta shekara talatin da biyar tana ƙirga bugun zuciyar mutane. Wurin ne yake da daɗi, shi ne inda take jin mutumin nan mai murtuke fuska yana faɗin abin da bakinsa ba zai taɓa faɗa ba, sai ta shagala da sauraro ta manta da kanta.

Shekara talatin suka yi a unguwar Federal Low-Cost, inda kowa ya san su. Maƙwabta ba sa ma duba agogo, da sun ji goge sun san la'asar ta yi. Da suka ajiye aiki sai suka ƙarasa ɗan gininsu a Tumfure suka tare, aka ɗauko fiyano a bayan mota, Nehemiah yana zaune kusa da shi yana yi wa direba tsawa a kowane rami. Ba su cika shekara a sabon gidan ba ta tsinci makullin ƙofa a cikin firiji. Ta yi dariya, shi ma ya yi. Bayan wata biyu wani mai keke ya kawo shi gida, ya ce a Jekadafari ya gan shi tsaye bakin titi, wai yana neman makarantar da yake koyarwa. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta shiga kicin ta dafa bango.

Da a ce ba nas ba ce da ta samu wata shida ko shekara tana yaudarar kanta cewa tsufa ne kawai. To ta san ciwon. Ta ga tsofaffi masu irinsa a ɗakin maza, ta ga matansu zaune a gefen gado ana tambayarsu su su wane ne. Ta san yadda yake tafiya daki-daki: ya ɗauke makulli, ya ɗauke hanya, ya ɗauke sunaye, daga ƙarshe ya ɗauke fuskoki. Likita ya faɗa mata abin da ta riga ta sani, ya rubuta magani, ya ce a riƙa sa shi yin abin da ya saba. Da Kirsimeti ɗansu Kenneth ya zo daga Abuja da iyalinsa, uban ya miƙe ya ba shi hannu cikin girmamawa ya tambaye shi daga wace ma'aikata. Kenneth ya fita bayan gida ya yi kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku.

Saura ita. Da safe yakan dube ta irin kallon da kake yi wa wanda ka taɓa gani a kasuwa amma ka rasa inda. Takan ba shi koko, ya ce na gode, baiwar Allah. Takan haɗiye abin ta ci gaba da shara. Amma da ƙarfe huɗu ta yi, ba tare da kowa ya tuna masa ba, sai ya tashi ya zauna gaban fiyano ya danna maɓallin nan. Yatsun ba su manta ko ɗaya ba. Su bi kashi na farko, su shiga na biyu, ta makara, ya ƙwanƙwasa katako ya ce, "Edna!" Ya juyo ya dube ta, kuma mijinta ne yake dubanta, da haushinsa da komai. Wani lokaci abin ya kai har cin tuwon yamma, ya tambaye ta labarin Kenneth, ya yi mata ƙorafin gishiri. A kan wannan kalma ɗaya take rayuwa daga yau zuwa gobe. Kullum da fargaba take ɗaukar bayolin, don ta san akwai ranar da za ta makara ya wuce bai kula ba, kuma tsoron wannan rana ya fi mata tsoron mutuwarsa.

A daminar bara aka tare a gidan da ke jikin katangarsu. Alhaji Sa'idu ne, ɗan kasuwar hatsi daga wajen Katsina, da matarsa Hajiya Barira. Mutanen kirki ne, ba abin da za ka ce. Ranar da suka zo Barira ta aiko da fura, Edna ta mayar da kwanon da gyaɗa. Abin da Edna ba ta sani ba shi ne Barira a gidan kakarta ta tashi, kakar kuwa 'yar bori ce. Tana ƙarama ta ga ana kaɗa goge a tsakar gida, ta ga ƙanwar uwarta ta faɗi tana birgima tana magana da muryar namiji. Ta girma ta yi karatun Islamiyya ta bar wannan duka a baya, amma jikinta bai bari ba. Ko a rediyo ta ji goge sai tsigar jikinta ta tashi. Sati biyu tana daurewa, da la'asar ta rufe tagogi ta ƙure karatu. Ranar wata Talata tana kwashe shanya, kiɗan ya tsallako katanga, ta ji jiri, ta yanke jiki ta faɗi.

Washegari Alhaji Sa'idu ya yi sallama a ƙofar gida, ya ƙi shiga, ya durƙusa ya gai da ita kamar uwarsa.

"Mama, wata alfarma na zo nema, ki yi mini aikin gafara. Gogen nan ne. Iyalina jiya ta faɗi, sai da aka yi ta yi mata addu'a."

"Alhaji, ba goge ba ne irin wanda kuke nufi. Bayolin ne, kiɗan Turawa. Ka bar ni in duba ta, ni nas ce, wataƙila jininta ne ya hau."

"Na sani, Mama, na sani," ya ce, idonsa a ƙasa, kuma ko makaho ya san bai sani ba. "Mu ba mu ce kina yin wani abu ba. Amma mutane suna magana. Wai saboda larurar Baba ne, wai girkar bori ake yi masa. Ni ban yarda ba. Sai dai ba kowa ne zai zo ya durƙusa ya faɗa miki kamar yadda na zo ba."

Bai faɗi wannan don ya razana ta ba, gaskiya ya gaya mata, kuma gaskiyar ce ta tsorata ta. Ranar Lahadi a coci wata 'yar zumuntar mata, Lizzy, ta ja ta gefe ta ce ita ma ta ji ana cewa, ko Sista ta fara neman taimako a wani wuri ne? Fiye da shekara hamsin bayan furucin mahaifinta, maganar ba ta sauya ko harafi ba, kuma abin takaici coci da masallaci da ba su cika haɗuwa a kan komai ba sun haɗu a kan gogenta. Ranar Litinin suna tsakiyar kashi na farko wani dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Nehemiah ya zabura ya toshe kunnuwa. Ba ta taɓa sanin wanda ya jefa ba, wataƙila ma ba da su ake ba. Amma ta daɗe a garin nan, ta san yadda ƙaramar magana take girma in ta samu masu ɗauka, kuma su biyu ne tsofaffi a gida tsakiyar gonaki. Ta sassauta bakan, ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Washegari ƙarfe huɗu ya zauna ya danna maɓallin. Ya jira. Ya sake dannawa. Tana kicin tsaye, hannunta a baki. Ta zo ta ce masa tsirkiya ce ta tsinke, ya ce to, bayan minti biyar ya sake dannawa. A kwana na biyar sai da ya yi awa guda yana danna maɓallin nan ɗaya, ting, ting, ting, har ta gudu bayan gida don kada ta ji. Ta gwada zama kusa da shi tana rera nata rabin da baki, ya dube ta kamar mahaukaciya. A kwana na goma ƙarfe huɗu ta yi ta wuce yana zaune a kujera yana kallon ƙofa. Bai tashi ba.

Ta buga wa Kenneth waya, ya ce, "Momi, ku dawo Abuja kawai, na gaya miki tun tuni." Ta ce za ta yi tunani. Ta san in aka ɗauke mutumin nan aka kai shi bene a garin da bai sani ba, shi ke nan. A kwanakin nan in ya yi barcin rana takan jawo akwatin ta ɗora bayolin a kafaɗa ba baka, tana bin tsirkiyoyi da yatsu shiru, don kada hannunta ya mutu. Da ta zo wurin nan na kashi na biyu sai ta ƙirga a ranta, ɗaya, biyu, uku, shiga. Ta yi ta maimaitawa. Wani tunani ne ya kama ta, irin na wanda tsoro ya cika wa ciki, cewa shekara arba'in da biyar tana ɓata wa bawan Allah rai a wuri ɗaya, in Allah ya sa suka sake kaɗawa ko sau ɗaya ne, za ta ba shi abinsa daidai.

Ranar da ta cika sati uku da rufe akwatin an kwana ana ruwa. Wajen azahar ta shiga wanka ta bar shi yana gyangyaɗi. Da ta fito kujerar ba kowa, ƙofar gida a buɗe, takalmansa kuma suna nan a bakin ƙofa.

Ta fita da ɗaurin ƙirji da mayafi a hannu. Masara ta fi tsayin mutum, ko ta ina ka duba ganye ne. Ta kutsa ciki tana kira, "Baban Kenneth! Malam!" Ganyen yana yankar mata hannu, taɓo yana riƙe mata silifa har ta bar ɗaya a ciki. Can ƙasan gonakin akwai kwarin da ruwa ya zaizaye, mai zurfin gaba biyu, kuma tun daga nesa tana jin ƙugin ruwa a cikinsa. Ta isa bakinsa ta kasa leƙawa. Ta tsaya tana cewa Yesu, Yesu, sannan ta leƙa. Jan ruwa ne kawai yana gudu da karare da ledoji. Ta bi gefen kwarin da gudu-gudu, tsohuwa mai shekara sittin da takwas, tana kiran mutumin da ba ta da tabbacin ya san sunan da ake kiransa da shi. Fiye da awa ɗaya ta yi. Da ta juyo gida don ta ɗauki waya, muryarta ta dushe, sai ta hango mutum biyu a ƙofarta.

Barira ce riƙe da hannun rigarsa. Ƙafafunsa duk taɓo, amma lafiyarsa ƙalau.

"Mama, ga Baba. A zaurenmu na same shi zaune bisa benci, yana ta buga yatsu a katako. Na ba shi ruwa ya sha."

Edna ta yo kansa za ta riƙe shi. Ya ja da baya ya koma bayan Barira. Ba kallon baiwar Allah mai kawo koko ya yi mata ba wannan karon. Tsoronta ya ji, wata tsohuwa ba ɗankwali, jiki duk taɓo, tana miƙo masa hannu.

"Hajiya, wace ce wannan?" ya ce. "Don Allah ki kai ni gida. Ƙarfe huɗu ta kusa, matata tana jirana."

Ranar da take tsoro ke nan, ta zo da rana tsaka a gaban baƙuwa. Edna ba ta yi kuka ba. Ta matsa gefe ta ba su hanya kamar ita ce baƙuwar. Barira ce ta lallaɓa shi ya shiga, ta zaunar da shi, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofar falo tana raba ido. Ina jin ta zaci za ta ga ƙwarya da turare da jan ƙyalle. Abin da ta gani kujeru ne, da hoton aure, da kalandar coci, da wani ƙaton akwatin katako a jikin bango. Edna ta goge masa ƙafafu bai hana ba, sannan ta shiga ɗaki ta fito da bayolin ta ajiye a tebur, ta faɗa wa Barira komai a taƙaice, da muryar da take yi wa dangin majiyyaci bayani.

Barira ta daɗe tana kallon abin daga nesa. "Mama, ki gaya mani tsakaninki da Allah. Ba a kiran kowa da shi?"

"Ana kira, Hajiya," in ji Edna. "Ni ma kira nake yi. Amma ba iska nake kira ba. Wancan mutumin nake kira, kuma sati uku ke nan ban kira shi ba."

Barira ta dubi tsohon, ta dubi agogon bango. Huɗu saura minti biyar. Ta zauna a ƙasa daidai bakin ƙofa inda za ta iya gudu, ta ciro carbi daga jakarta. "To ki kira shi. Alhaji ni zan yi mashi bayani, mutanen unguwa ma ni zan yi masu. In na hwaɗi, ai ke nas ce."

Edna ta ɗaure bakan ta goga masa ƙaro. Nehemiah bai motsa ba. Ta ja bakan a kan tsirkiya ɗaya wadda ta saki saboda damina, muryar ta fito a karkace. Ya yamutsa fuska. Ta sake ja, da gangan ba ta gyara ba. Ya tashi a hankali, ya je ya buɗe fiyano ya danna maɓallin, ya jira ta daidaita. Ya ɗora hannuwa. Ta ja numfashi, suka faɗa tare.

Kashi na farko ya tafi lafiya. Barira tana jan carbi da sauri, leɓunanta suna motsi, amma ba ta faɗi ba. Suka shiga na biyu. Fiyano ya kama hanyarsa shi kaɗai, Edna ta toshe zuciyarta ta ƙi saurare, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta shiga daidai a kan na huɗu, karo na farko a rayuwarta. Bai tsaya ba. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya bi ta har ƙarshen kashin, ya sauke hannu, ya juyo ya ɗan rusuna mata.

"Sannu, Malama. Kin iya ƙwarai. Wa ya koya miki?" Ya waiga wajen ƙofa. "Sai dai ki yi haƙuri, wannan da matata muke yi. Yanzu za ta shigo."

Edna ta sauke bakan. Ta yi duk abin da za ta iya, ta ba shi abinsa daidai, kuma bai san ta ba. Ta tsaya tana kallon bayan wuyansa, wuyan da ta sani fiye da nata, ba ta san abin da ya rage ba kuma. Sai a lokacin abin ya faɗo mata, har ta ji kamar ta mari kanta. Ita da ta shekara arba'in da biyar tana makara, yau ta zo masa a kan lokaci, ta yaya zai gane ta?

"Malam," ta ce, "kafin ta zo, mu sake na biyun."

Ya ɗaga kafaɗa ya juya. Ta ja numfashi. Suka taho a hankali har wurin. Fiyano ya tafi shi kaɗai, ita kuwa ba ta ƙirga ba. Ta saurare shi kamar yadda ta saba, ta bar na huɗu ya wuce ta, sannan ta shigo a makare.

Ya yi gaba da ƙirga ɗaya. Ya yi na biyu. Hannuwan suka tsaya. Yatsa ya sauka a kan katako sau biyu.

"Edna! Ɗaya, biyu, uku, shiga. Shekara nawa zan yi ina gaya miki?" Ya juyo da haushinsa, ya dube ta sama da ƙasa. "Kuma me ya same ki haka duk taɓo? Ina ɗankwalinki?"

Barira ta saki carbin a cinyarta ta rufe fuska da mayafi. Edna ta san ba warkewa ya yi ba. Ta san gobe da safe baiwar Allah ce, kuma ranar da ko makarar ba za ta kira shi ba tana nan tafe, ba ta fasa ba. Ta share ido da bayan hannun da ke riƙe da baka, ta gyara bayolin a kafaɗa.

"Yi haƙuri, Malam. Mu sake."

Suka sake. Ta sake makara.